Yadda Jimina Ta Wuce Rimi

A wani daji da ke tsakanin rafi da duwatsu, majalisar dabbobi ɓangare biyu ce: masu fiffike a dama, masu ƙafa huɗu a hagu. Shugabanta Gwanki ne, ya kuma daɗe a kan kujerar har ƙananan dabbobi suna zaton da ita aka haife shi. Duk abin da za a raba a dajin, ta ɓangarorin nan ake raba shi. Wanda ba shi da ɓangare sai dai ya ji labari.

Jiminu ba su da ɓangare. Masu ƙafa huɗu sun duba ƙafafunsu sun ce ba su cika ba. Masu fiffike sun ce fiffiken da ba ya ɗaga mai shi mafici ne.

Inda abin ke ciwo shi ne wajen ƙwai. Akwai wani tudun yashi da aka kewaye da ƙaya, inda zabi da fakara da sauran tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa suke yin nasu hankali kwance. Jiminu kuwa a gefen burtali suke tona rami, hanyar da garken ɓauna ke bi zuwa ruwa safe da yamma. Bara wata jimina mai suna Kuluwa ta cika raminta da ƙwai, ta kwanta a kai har ya kusa ƙyanƙyashewa. Wata rana garke ya firgita, ya ɗan kauce hanya, ya bi ta kan ramin. Majalisa ta aiko da jaje, ta kuma miƙa maganar ga ɓangaren da abin ya shafa, wanda har yau ake neman sa.

Dokar shiga ɓangaren masu fiffike a fili take. Tsuntsu shi ne wanda ya tashi ya wuce ƙololuwar rimin da majalisa ke zama a gindinsa, a kan idon Shugaba, ya kuma sauko lafiya.

Lokacin ƙwai na gab da zagayowa sai Tasalla, ƙanwar Kuluwa, ta dawo daga wata ƙasa mai nisa. A can ta yi shekaru a wani gandun daji inda ake ɗaukar baƙi sama da sassafe don su kalli namun daji daga bisa. Da fari daga ƙasa take kallon su, daga baya ta koyi aikin. Ta dawo da ƙaton kwando, da murhu mai tukunyar gas, da ƙunshin yadin da sai da dangi suka taru suka ja shi.

Kuluwa ta zagaya ƙunshin ta ce, “Wasu in sun je nesa tsaraba suke kawowa. Ke wanki kika kawo mana.”

“Yaya, wannan ne zai shigar da ƙwanki cikin ƙayar can.”

“Allah ya sa. Ni dai na fara jin jikina. In kika yi jinkiri burtali zan koma, don ƙwai ba ya jiran majalisa.”

Ranar zama, Tasalla ta tsaya a tsakiyar fili, inda marasa ɓangare ke tsayawa, ta yi gaisuwa gajera ta shiga magana.

“Ranka ya daɗe, sunan abin nan balan-balan, amma ku kira shi buhu, ba zai ji haushi ba. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar daji ya ga toka da busasshen ganye suna tashi ba su da fiffike. Iska ce ke ɗauke da su, don in ta yi zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, sai ta haye kanta. Aikin buhun nan kawai ya tare mai zafin kada ta watse. In na hura wuta a bakinsa, mu tashi. In na bar shi ya huce, mu sauko a hankali. A can tsakar kansa akwai ƙofa mai igiya, in na ja zafin ya fita, buhu ya kwanta. Sama da ƙasa ke nan, su ne nawa. Gabas da yamma na iska ne, abin ba shi da linzami. Sai dai iska hawa-hawa take. Ta ƙasa tana iya nufar rafi, ta sama ta nufi duwatsu, sai in hau ko in sauko in nemi wadda ta yi hanyata. Inda za a sauka ban sani ba sai an kusa. 'Yan'uwana za su bi ta ƙasa da gudu. Wannan kam mun iya. Abin da nake roƙo shi ne a yi da asuba, iska na sanyi kuma a kwance.”

Malam Burtu, wakilin masu fiffike, ya miƙe. Shi kansa an daɗe ba a ga ya tashi ba. A ƙasa yake kiwo, a ƙasa yake zuwa majalisa, yana tafe yana sunkuyawa kamar wanda ya yar da wani abu. Amma gidansu ya riga doka shiga ɓangaren, saboda haka ba wanda ya taɓa gwada shi da rimi.

“Ranka ya daɗe, wannan ba tashi ba ne, ɗauka ce. Ko kaza ka sa a kwando ka rataye a reshe, ai ta yi sama. Tsuntsu da ƙarfin ƙirjinsa yake tashi. Iyaye da kakanni sun sha wahalar iska kafin su bar mana wurin nan, yau a ce mai buhu ta zo ta zauna kusa da gaggafa? Gobe kunkuru ma zai ɗinko nasa.”

Tasalla ta ce, “Dokar ta faɗi da abin da za a tashi?”

Aka kira tsofaffi suka biya dokar daga farko har ƙarshe. Aka sa suka sake. Ba ta faɗa ba.

Burtu ya ce to lallai a sa shaida a cikin kwandon, don kada a yi wa majalisa rufa-ido. Majalisa ta yaba da wannan hangen nesa, ta kuma zaɓe shi.

Nan ne Gwanki ya yi gyaran murya. A dajin nan ba a taɓa buɗe sabuwar mashaya ba sai ya fara sa baki, ba a taɓa share sabuwar hanya ba sai ya fara takawa. Ya ce shi ma zai shiga.

Tasalla ta dube shi tun daga ƙaho har kofato. “Ranka ya daɗe, buhu bai san wanda ke ciki ba, abin da ya sani shi ne iya abin da zai ɗauka. Da kai a ciki ban yi alkawarin wuce rimi ba.”

Gwanki ya harare ta.

“Kina nufin na yi ƙiba?”

“Ina nufin Allah ya yi maka jiki.”

Gwanki ya juya ga jama'a. “Majalisar nan ba ta taɓa tauye wa kowa haƙƙinsa ba. Ga yarinya ta zo da sabon abu daga nesa. Ba mu kore ta ba, ba mu ce ina ta samo ba. Mun karɓa, har za mu shiga ciki da kanmu, da shekarunmu da matsayinmu. Wace karramawa ce ta wuce wannan? In abin kirki ne, zai ɗauki Shugaba. In ya kasa ɗaukar Shugaba, to wa zai ɗauka?”

Aka buga kofato, aka kaɗa fiffike. Burtu, wanda ya fi kowa saurin gane inda magana ta dosa, ya janye duk wani ƙorafi nasa.

Ranar tashi, tun gari bai gama wayewa ba jiminu suka shimfiɗa buhun a filin da ke yamma da rimi. Suka kwantar da kwandon a gefensa, biyu suka riƙe bakin buhun a buɗe, sauran suka jera suna yi masa fifita da fikafikansu har ya kumbura yana motsi kamar wata dabba mai barci. Tasalla ta kunna murhu. Wuta ta yi gurnani, harshenta ya shige ciki. Buhun ya ɗago kai a hankali, ya ja kwandon ya miƙe tare da shi. Iska sanyi ƙalau, ko ganye ba ya motsi. Komai ya yi daidai, sai majalisa ce babu.

Masu fiffike ba sa zuwa kafin masu ƙafa huɗu, kada a ce sun fi su bukata. Masu ƙafa huɗu ma haka. Shugaba kuwa ba ya fitowa sai kowa ya hallara. Da aka samu aka hallara, rana ta fito. Aka yi gaisuwa, aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba. Wani tsohon gyado ya ba da tarihin rimin.

Tasalla ta matso kusa da yayarta. “Kowane jawabi yana cinye mini kamu guda a sama. Buhu da bambancin zafin ciki da na waje yake tashi. In wajen ma ya yi zafi, me ya rage?”

“To je ki faɗa musu mana.”

“Na faɗa. Sun ce za a sa a jawabin rufewa.”

Sai da hantsi ya yi sosai aka zo shiga. Tasalla ta ce a naɗe ƙahonin Shugaba da tsumma don kada su tsinke igiya. Aka yi gardama, aka sa wa tsumman suna naɗin tafiya, aka naɗa. Gwanki ya fara shiga, kwandon ya yi ƙara. Burtu ya bi. Ita ta shiga ƙarshe, ta tsaya ƙarƙashin murhu ta ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

“Saura magana ɗaya, ta fi duk sauran. In mun zo sauka, kowa ya lanƙwasa gwiwa ya riƙe kwando, don zai daki ƙasa. In ya tsaya, ba mu sauka ba tukuna. Buhu na nan a tsaye da zafinsa. Kada kowa ya fita sai na ja igiya ya kwanta, na ce a fita. Wanda ya riga fita ya rage wa buhu kaya, zai koma sama da waɗanda suka rage.”

Gwanki yana gyara tsayuwa don a gan shi da kyau. Ya ce, “Madalla, madalla.”

Ta buɗe wuta, ta daɗe tana hurawa. Jiminu suka saki kwandon. Ba a ji girgiza ba, ba a ji komai ba, ƙasa ce kawai ta fara ja da baya. Da ta kashe wutar sai shiru. Babu iska a fuska, don tare da ita suke tafiya. Ana jin muryoyin ƙasa tar, har da wata zabuwa da ke cewa ita da ma ta san ba za a dawo ba.

Gwanki ya leƙa. Ga rafi, ga tudun yashi da ƙayarsa, ga burtali ya miƙe, da 'yan ramukan jiminu a gefensa kamar sawun yatsa a kan tuwo.

“Ashe daga sama komai a tsare yake,” in ji shi. “Masu ƙorafi ba su taɓa hawowa nan ba ne.”

Iskar ƙasa tana tura su gabas, wajen rimi, a hankali. Tasalla ta ƙara wuta. Suka wuce tsawon kanya, suka wuce na tsamiya, suka kai manyan rassan rimin. Nan buhun ya tsaya. Ta sake hurawa har zafi ya fara taɓa musu kai, buhun ya ɗan ƙara sama kaɗan, ya sake tsayawa.

“Ƙara wuta mana,” in ji Gwanki.

“In na ƙara, tsakar kan buhun za ta narke. Daga nan za mu sauko, amma ba a hankali ba.”

Burtu ya ɗaga ido ba tare da ya motsa wuya ba. “A shaida, ina ganin reshe sama da kaina.”

“Malam Burtu, kai mai fiffike ne. In ka fita ka bi mu a gefe, za mu ɗan ƙara sama.”

Faratansa sun nutse cikin saƙar kwandon. “'Yar nan, majalisa ciki ta sa ni. Ba na saɓa wa majalisa.”

Suka bi ta gefen rimin, ƙololuwarsa na kallon su daga sama, suka fita ta gabas. Ba sauran abin yi. Tasalla ta bar buhun ya fara hucewa, ta hango wani fili kusa, babu itace babu dutse, ta nufe shi. Kwandon ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya ja ciyawa kaɗan, ya tsaya. Buhun na tsaye a kansu yana lilo.

Jiminu ne suka fara isowa, Kuluwa a gaba tana haki. Ba ta tambaya ba, ta gani da idonta. Ta tsaya nesa kaɗan, ta waiwaya wajen burtali. Sauran dabbobi na tafe cikin ƙura.

Tasalla ta kama igiyar ƙofar sama. Ja ɗaya, buhu ya kwanta, magana ta ƙare sai baɗi, ko baɗin baɗi. Kafin ta ja sai ta ga Gwanki ya ɗora kofato a bakin kwandon. Jama'a sun iso, kuma sanarwa irin wannan a tsaye a ƙasa ake yin ta.

“Ranka ya daɗe, a jira.”

A majalisar nan ba wanda ke shiga sabon wuri kafin Shugaba, ba wanda ke fita kafin shi. Akwai ƙa'ida ta uku da ba a taɓa faɗa ba don ba a taɓa bukata ba: ba wanda ke ce masa ya jira. Gwanki ya juyo a hankali.

“Me kika ce?”

“Na ce a jira buhu ya kwanta. In ka fita yanzu, zai tashi da mu.”

“Ni ne zan tsaya a kwando kamar albasa, sai kin ba ni izini?”

Tasalla ta dubi igiyar, ta dubi yayarta. Ta ɗaga murya. “Na faɗa a can, na kuma faɗa a nan. Jama'a an ji?”

Kuluwa ta ce, “Mun ji. Har na burtali sun ji.”

Gwanki ya tsallake, ya dira, ya gyara naɗinsa, ya fuskanci jama'a. “Bayan gwaji na adalci, wanda muka halarta da kanmu, majalisa na baƙin cikin sanar da cewa jimina ba ta…”

Ba wanda ke kallon sa. Tasalla ta riga ta saki igiyar ta buɗe wuta. Kwandon ya bar ƙasa kamar an fizge shi. Gwanki ya ɗaga kai, bakinsa a buɗe a kan kalmar da bai ƙarasa ba, ya ga gindin kwando yana ƙanƙancewa. Kwandon ya wuce tsamiya, ya wuce manyan rassa, ya wuce ƙanana, bai ko tsaya gaisawa da ƙololuwa ba.

A sama, Tasalla ta kashe wuta. Shiru ya dawo.

“Malam Burtu, me kake gani sama da kanka?”

“Buhu.”

“Reshe fa?”

“Baiwar Allah, saukar da ni, sai mu yi magana a ƙasa cikin mutunci.”

“Zan saukar da kai lafiya ko me ka ce. Amma ai aikin da aka aiko ka ke nan. Buɗe ido ka leƙa.”

Ya buɗe ɗaya. Can ƙasa ga kan rimin kamar ɗan kurmin ciyawa, ga sheƙar shamuwa a tsakiya, abin da bai taɓa gani daga sama ba tun yana saurayi.

“Mun wuce,” in ji shi.

“Da ƙarfi. Daga nan ana ji.”

“Mun wuce rimi! Wallahi mun wuce! A ce ta sauko!”

Iskar sama duwatsu ta nufa, sai Tasalla ta sauko ta kama ta ƙasa wadda ta kai su wani fili a bakin rafi. Jiminu suka riga su isa. Kwandon ya daki ƙasa, dangi suka danne shi da ƙirji, ta ja igiya har buhun ya kwanta. Ta ce a fita. Burtu ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Ya ƙara jira kaɗan don tabbatarwa.

Washegari majalisa ta zauna. Wani daga ɓangaren dama ya ce tashi na biyu ba ya cikin lissafi, tunda kuskure ne ya jawo shi. Aka tambaye shi kuskuren wa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ce shi ma ji ya yi ana faɗa.

Gwanki ya miƙe. “Akwai masu zaton abin da ya faru jiya haɗari ne. Ba su san aiki ba. Tun muna sama na lura abin nan yana bukatar taimako, na kuma ga halin da bayin Allahn nan ke ciki a gefen burtali, abin da ya daɗe yana hana ni barci. Yarinya ta yi bayani, na saurara da kyau. Na auna lokaci, na fita daidai lokacin da ya kamata. Doka ta ce a kan idon Shugaba, kuma daga cikin kwando ba a ganin kwando. Da ban fita ba, da har yanzu jimina na ƙasa. Ba na neman godiya.”

Aka yi masa godiya mai tsawo. Aka tambayi Tasalla ko tana da abin cewa.

“Gaskiya Shugaba ya faɗa,” in ji ta. “Da bai fita ba, da ba mu tashi ba.”

Aka ba jiminu gurbi a ƙarshen ɓangaren dama, aka buɗe musu ƙaya ta kusurwar da rana ta fi duka. Kuluwa ba ta tsaya jawabin rufewa ba. Kafin a watse ta tona raminta a cikin yashi, ta zauna a kai, ta ce wa wata fakara da ke hararar ta ta matsa.

Tun daga ranar, duk lokacin da wani abu ya ƙi tashi a dajin nan, ba a yin gardama. Dabbobi sukan yi shiru, su juya su dubi Shugaba cikin ladabi.